Hatimi Mai Gida Takwas

Da sunan Allah nake buɗe wannan tuni, shi da ya ara mana kwanaki yake kuma karɓar abinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da aka sare mangwaron bakin layinmu ina wurin. Na tsaya da carbina ina kallo, injin yana kuka, rassan suna faɗowa kan jar ƙasa, yara suna wawason ɗanyun 'ya'yan. An ce bene za a gina, a zuba shagunan waya a ƙasa. To, Allah ya sa albarka. Unguwarmu Birik dai kullum sama take yi, mu kuma muna yin ƙasa. Sai ga shi a cikin makon nan, ina zaune a tsakar gida bayan la'asar, wata jikanyata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ta jefar da jaka, ta kunna waya. Jika ce ga 'yar wana, Hajiya Tatica, wadda ke gefe tana tsince shinkafa tana surutunta da ba ya ƙarewa. Wata murya a cikin wayar ta ce, "Nawun." Ta ce, "Furonawun." Wallahi ban san lokacin da bakina ya karɓe ba. Na ce bab, ajektif, adbab, firifozishin, kwanjankshin, intajekshin, a jere, da irin muryar da muke biya karatu.

Yarinyar ta saki baki. Ta ce, "Kaka! Kai da ko a meri, ofishin hukuma, da baƙin Larabci kake sa hannu?"

Na ce, "Amarya, kin raina mijinki. Na san waɗannan tun kakarki ba ta sha iskar duniya ba."

Ta ce, "Wane miji, tsoho da kai? Faɗa mini inda ka sato su."

Sato su na yi kuwa, gaskiyarta. Ga yadda abin ya kasance.

A wancan zamani Birik ba ta da wannan hayaniyar ta babura. Sautinta daban ne. Da asuba ladan ne, babu lasifika, muryarsa ce kawai take gangarowa daga tudu. Da hantsi kekunan ɗinki ne, layi guda, kamar ana ruwa a kan kwano. In kuma ruwan gaske ya sauko, sai kowa ya yi shiru, don ko wanda ke kusa da kai ba ka jin maganarsa. Da yamma masu soya suna wasa wuƙaƙe, hayaƙi yana bin bango. Ni maraya ne, a hannun Baffa na tashi, wan mahaifina, malamin da ake zuwa zaurensa daga unguwannin Mesa da Madagaskar don ɗaukar karatu. Aikina a gidan uku ne: in ɗebo ruwa a famfon bakin titi, in dafa tawada, in fiƙe alƙaluma. Tawadar nan da baƙin gindin tukunya da ƙaro nake haɗa ta, in yi ta juyawa har ta kama yatsa. Yaran yanzu biro suke saya, in ya ƙare su yar. Mu sai da muka san warin tawadarmu kafin mu san abin da za mu rubuta da ita.

Na riga na sauke, na shiga littattafai, Baffa ya fara ɗora ni a kan nahawu. Darasin farko da ya dasa mini shi ne magana kashi uku ce: suna, da aiki, da harafi. Ya ce duk abin da ɗan Adam zai furta daga haihuwa zuwa kabari bai wuce ukun nan ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kamar an ba ni mabuɗin duniya na sa a aljihu. Baffa yana da dokoki biyu da ba ya sassautawa. Ta farko, babu wani karatu sai na gama nasa, kuma ya faɗa mini a fili cewa in ya ga hankalina ya rabu, zai sa ni a mota zuwa arewa wurin wani amininsa, in zauna can sai na yi gemu. Ta biyu, allo na maganar Allah ne. Yakan ce, "Ko wasiƙar uwarka ba a rubutawa a kan allo."

Sai Allah ya kawo Tica. Mutumin ɓangaren ƙasarmu ne na masu Ingilishi, Kirista, dogo, mai farar riga da alli a aljihu. Ya kama ɗaki a bayan layinmu, yana koyarwa a wata makaranta da safe, da yamma kuma ya jingina baƙin allonsa a jikin mangwaron nan ya tara duk yaron da ya so. Hanyar famfo ta nan ta bi. Ranar farko na tsaya ne don in huta. Ranar ta biyu ban gaji ba amma na tsaya. Mutumin nan ba ya koyarwa a zaune. Shanu za su wuce, ana kora su wajen mahauta, sai ya nuna saniya ya yi ihu, yara su amsa, "Nawun!" Saniya ta zabura da gudu, ya buga ƙafa, su ce, "Bab!" Ya nuna fara, ya nuna baƙa, su ce, "Ajektif!" Wata rana ya lallaɓa ya mintsini wani ƙaton yaro a kunne, yaron ya ce, "Wayyo!" Tica ya yi tsalle ya ce da Turancin kasuwa, "Na im dat! Intajekshin!" Na yi dariya har ruwan bokitina ya zube mini a wuya.

Nan ya gan ni. Ya ce da gurguwar Hausarsa, "Kai, mai ruwa, zo. Magana kashi nawa?"

Na ce, "Uku."

Ya ce, "Takwas."

Na ce, "Uku ne, Tica. Baffana ya faɗa."

Ya ce, "Baffa naka ya ɓoye biyar a aljihu."

Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa kaina ya ɗau zafi. Ban yi fushi ba, wani abu ne ya kama ni kamar ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. Ina biyar ɗin nan suke? Yaya harshe guda zai ɗauki takwas, wani ya wadatu da uku? Daga ranar ruwan gidanmu ya fara daɗewa a hanya. Iya, kakarmu, uwar su Baffa, takan ce, "Wai famfon nan garin Duwala aka mayar da shi ne?" In ce layi ne, Iya. Allah ya yafe mini.

Wata Alhamis Tica ya zana wani babban murabba'i a allonsa, ya raba shi gida takwas, ya sa kowane kashi a gidansa tare da misali. Ya ce duk wanda ya kawo su a ka ran Asabar, zai ba shi littafi mai hotuna ya je gida da shi. Sauran yara suka kwafa a kaye ɗinsu, wato littafin rubutu. Ni ba ni da kaye, ban kuma iya baƙin boko ba, takardun Baffa kuwa ya san kowace ɗaya kamar 'ya'yansa. Na zo gida ina maimaita kalmomin don kada su zube. Na ɗauko tsohon allona, wanda ya tsage a kafaɗa aka ɗaure shi da waya, na zana murabba'in nan yadda na gan shi, na raba shi takwas, na rubuta kowace kalma da ajami, da wasali da ɗauri, yadda kunnena ya ji ta. Na ƙawata shi kuwa, don hannuna yana da kyau a lokacin. Na jingina shi a bayan ƙofar zaure, fuskarsa ga bango. Na san na taka doka, amma na ce wa kaina kwana biyu ne, in na haddace sai in wanke, babu wanda ya ji.

Abin da na manta shi ne matar Yaya tana da tsohon ciki. Yaya wana ne, mahauci, kullum yana mahautar Etudi. A al'adarmu in haihuwa ta matso, malam yakan yi rubutu a allo, a wanke a ba mai naƙuda ta sha, ana roƙon Allah ya sauƙaƙa. Da safiyar Juma'a Baffa ya yi nasa, ya ajiye a zaure ya bushe, ya ce wa Iya in abu ya tashi ga shi can. Muka yi wanka muka tafi masallaci. Muna can naƙuda ta taso gadan-gadan. Iya ba ta karatu, amma ta yi shekaru tana ganin alluna. Ta shiga zaure, ta ga na Baffa, layi-layi ne kamar kullum. Ta leƙa bayan ƙofa, ta ga wani an ɓoye shi, an juya fuskarsa, ga hatimi a jiki mai gida takwas, irin zanen da malamai ke yi wa babbar buƙata. Ta ce a ranta wannan ne na musamman. Ta yi bisimilla, ta wanke shi tas a ƙwarya, ta kai.

Muna shigowa layi muka ji guɗa. An sami mace, uwa lafiya, 'ya lafiya, ko ungozoma ba ta gama ɗaura zani ba aka haihu. Iya ta tari Baffa a zaure tana rawar jiki. Ta ce, "Malam, hatimin nan naka, ban taɓa ganin irinsa ba! Tana sha, ko ƙwaryar ba a ajiye ba!"

Baffa ya ce, "Wane hatimi, Iya?"

Ta nuna allon, yana jingine yana ɗigar ruwa. Baffa ya dubi nasa, ga shi nan da rubutunsa ko ɗigo bai goge ba. Ya dubi mai ɗaurin waya. Ya dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa, ina jin kamar ta buɗe. Baffa ya wuce ya yi wa jaririya addu'a, aka ci gaba da murna. Iya kuwa da ta gane allona ne, sai murnarta ta ninku. Kafin magariba duk matan layi sun ji cewa marayan gidan Malam Allah ya ba shi hannu.

Washegari da hantsi, ranar da ya kamata in je karɓar littafi mai hotuna, sai ga wata dattijuwa daga Madagaskar da goro da kaza a hannu. 'Yarta ta kwana biyu tana fama, ta ji labari, ta zo a yi mata hatimin yaron nan. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida. Baffa ya kira ni zaure, ya tura mini allon, ya tura tawada da alƙalami. Ya ce, "Ga baiwar Allah tana jira. Rubuta abin da ka rubuta."

Ban taɓa jin nauyin alƙalami irin na ranar ba. Shaida ta wanke, babu wanda ya karanta. Na san ayoyin da ake rubutawa, na san yadda ake zuba su a gidaje, da na yi haka da an ce madalla, in zama ƙaramin malami, in kuma ci gaba da satar hanya zuwa mangwaro. In na rubuta gaskiya kuwa, mota ce zuwa arewa, babu Tica, babu biyar ɗin nan har abada. Ina cikin wannan sai kazar matar ta yi kuka a waje, na ji dattijuwar tana cewa, "Allah ya sa yaron ya yi sauri." Sai na ga 'yarta a raina, wadda ban sani ba, za ta ɗaga ƙwarya da hannu biyu ta sha saboda ta yarda da gidanmu. Na tsoma alƙalami, na zana murabba'i, na zuba takwas ɗin nan yadda suke. Ban bar wasali ɗaya ba.

Baffa ya karɓa, ya kawo kusa da ido, ya karanta a hankali da muryar karatu. "Nawun. Furonawun." Ya tsaya. "Firifozishin." Ya ɗago kai. "Waɗannan sunayen waɗanne aljanu ne?"

Na ce, "Ba aljanu ba ne, Baffa. Nahawun Turawa ne."

Na faɗa masa komai, tun daga bokiti har zuwa bayan ƙofa. Ya ajiye allona gefe. Sannan ya tashi ya ɗauki allonsa na jiya, wanda ba a wanke ba, ya fita wurin matar. Na ji yana ce mata, "Hajiya, yaron nan ba shi da wani hannu, kuskure aka yi. Ga wannan, maganar Allah ce. Ki tafi da kazarki, kuma mai kwana biyu tana naƙuda, ku ba ta ta sha a hanya, ku wuce asibiti yanzu." Ya dawo ya zauna. Ina jira in ji ranar tafiya.

Ya ce, "Takwas ka ce?"

Na ce, "Takwas, Baffa."

Ya ce, "Je ka kira mini shi."

Ban taɓa gudu irin na ranar ba! Na iske Tica yana goge takalmi, na ce Baffa na kira. Ya ce, "Mai uku?" Na ce shi. Ya sa rigarsa ya biyo ni, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ba tare da an ce masa ba, Baffa ya lura da wannan. Aka kawo shayi. Ni ne tafinta, rabi Hausa, rabi Faransanci, rabi Turancin kasuwa, sauran da hannu. Baffa ya ɓare goro ya yi gutsure takwas ya jera a kan buzu. Ya ce Tica ya faɗi aikin kowane. Tica ya faɗa, ya tashi tsaye, ya nuna buta, ya taka, ya zauna. Baffa yana ji yana tura gutsuren goro da yatsa, wannan nan, wannan can. Da aka gama sai ga tsibi uku a kan buzu. Ya ce, "Faɗa masa ga takwas ɗinsa, duk sun shiga ɗaki uku." Tica ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sai ya tafa hannu ya yi wata dariya da ta sa telolin layi suka tsayar da kekuna. Ya sa yatsa ya sake warware su, ya ce, "Faɗa wa Baffa, gida mai ɗaki uku, mutum takwas, dole wani ya kwana a ƙasa." Baffa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ni tunda nake ban taɓa ganin dasashinsa ba sai ran nan. Suka yi ta yi har aka kira azahar, wannan ya tara, wancan ya warware, daga ƙarshe suka cinye goron.

Bayan salla Baffa ya yanke mini hukunci. Ya ce na yi laifi biyu, na saci hanya, na kuma sa abin da ba na allo ba a kan allo. Na biyun ya fi, don ga shi har ya shiga cikin mutum. Ya ce, "Da ka yi mini ƙarya ɗazu, da yau ka kwana a tasha. Tunda ka faɗi gaskiya alhali shaida ta wanke, zauna." Wata guda ban taɓa allo ba, wannan ne horona, kuma ya yi mini ciwo. Ya ce in je da bakina in faɗa wa Iya da matar Yaya abin da aka sha, in nemi gafara. Sannan ya sa hannu a ƙarƙashin buzu ya jawo kaye sabo, wanda ya aika aka sayo a kasuwar Mokolo muna tsakiyar muhawara, ya ce, "Na Tica a nan. Safiya tawa ce, yamma tasa. Abin da ya koya maka kuma, ka zo ka biya mini, in ji ko ya ƙara ɓoye wani abu."

Matar Yaya dariya ta yi har tana riƙe ciki tana cewa in bari kada in fama mata. Iya ce ta ba ni wuya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To, ni dai na yi bisimilla kafin in wanke, kuma wanda na roƙa ya ji. Tawada ce ta sauke ta ko Ubangiji?" Na ce Ubangiji ne. Ta ce, "To tashi ka ba ni wuri." Amma ko da aka yi suna, ba ta taɓa kiran jaririyar da sunan yanka ba. Da yarinyar ta fara magana da wuri, ta kuma ƙi yin shiru, sai Iya ta riƙa cewa, "Ku ƙyale ta, ba laifinta ba ne, Turanci ta sha."

Na karɓi littafi mai hotuna a Asabar ta gaba. Na yi shekara uku a gindin mangwaron nan, kaye bayan kaye, duka da ajami, har yau baƙin boko bai zauna mini a hannu ba. Tica ya koma garinsu daga baya, Baffa ya raka shi har tasha, abin da bai taɓa yi wa wani attajiri ba. Yanzu yara suna da malami a cikin waya, ba ya gajiya, ba ya mintsinin kowa, ba ya kuma shan shayi da kakanninsu. Ban ce nasu bai yi ba. Na dai san ba za su taɓa jin abin da na ji ba ranar da na ga dattawa biyu sun sunkuya a kan gutsuren goro kamar yara.

Da na kai nan, jikanyata ta juya a hankali ta dubi kakarta, wadda tun ɗazu ta daina tsintar shinkafa. Ta ce, "Hajiya... Tatica... Ta Tica?"

Hajiya ta ce, "Kawu, shekara nawa ina roƙonka ka bar tonon nan?"

Na ce, "Amarya, in jarrabawa ta matso ki bar wayar nan ki zauna kusa da ita. Ke karantawa kike yi. Ita tun tana ciki ta shanye su, duka takwas."

Hajiya ta jefe ni da ƙwayar shinkafa, ta ce, "Wayyo ni, wannan tsoho!"

Yarinyar ta yi tsalle, ta nuna ta da yatsa, ta ce, "Intajekshin!"

Allah ya jiƙan Baffa da Iya, ya kai rahama kabarinsu. Tica kuma, duk inda zuriyarsa take, Allah ya saka musu da alheri.